Hannun da Ba Ya Jifa

A Mina nake tafinta, asibitin gindin gada,
haifaffen Hindawiyya, jikan mutan Gumel
da suka zo a ƙafa, ba su koma ba.
Larabci na titi ne, Hausa ta kaka,
Turanci kuwa tsintar sa na yi
kamar tsakuwar Muzdalifa, ɗaya-ɗaya, cikin duhu.

Daren sha ɗaya ga wata aka shigo da Malam Barmo,
rana ta tsotse shi, leɓe ya dare,
jakar tsakuwa ɗaure a ƙugu,
ya ce ko kusa, ba mai kwance ta.

Likita 'yar Indiya, idonta ja don rashin barci,
ta ja alƙalami a kan kati:
a ƙara masa ruwa, amma a nemi jijiya a hannun...
nan ta ɗora wata sifa ta Turanci,
ɗan guntun korewa a gaba,
ɗan karan ɗori a tsakiya,
sannan kalmarsu ta jifa.

Na tsaya. Ba mu taɓa gamuwa ba, ni da ita.
Ta ce ta 'yan wasa ce, a wurin ƙaninta ta ji ta:
mai wurga ƙwallo hannu biyu gare shi,
ɗaya na aiki,
ɗaya an raɗa masa suna da abin da ba ya yi.
Ba shanyayye ake nufi ba,
ba rago ba,
ba wanda ya auna ya kuskure ba.
Lafiyarsa lau. Ba rabonsa ba ne kawai, jifa.

Na juya ta a baki. Mara jifa?
Sai ta yi mini kama da zagi,
'yar ɗakinsu mara kunya da mara gaskiya.
Layi ya yi tsawo, wani na amai a bayan labule,
sai na yanke, na bi gajeriyar hanya:
Baba, miƙo hagu.

Ya buɗe ido ɗaya. Dariyar ta fito da tari.
Yaro, haka ta ce, ko haka ka ce?

Ni bahago ne.
Inna ta ɗaure hagun nan da tsumma wata uku,
na koyi loma da dama,
gaisuwa da dama, rubutu da dama,
har na aurar da 'ya'ya ba wanda ya gane.
Amma je Maigatari, gonar gero ta bayan rijiya,
ka tambayi jan-baki da buwa
wane hannu ne ya hana su kalaci shekara sittin.
Damata malama ce, ba ta taɓa jifa ba.

Gobe ashirin da ɗaya ke jira na.
Na tambayi malamin tantinmu,
ya ce dama ta fi, amma in ta faɗa a rami ta yi.
To hagu zai ɗaga.
Dama za ta riƙe jaka, ta ƙirga, ta miƙa,
ta kama kafaɗar Ɗantani kada taro ya raba mu.
Soka mata allurar, ta saba da haƙuri.

Na mayar wa likita, har da tsuntsayen.
Ta soke abin da na sa ta rubuta,
ta bar sifarta yadda take,
don ita ba ta ce hagu ba, ba ta ce dama ba.
Ni na ce.

Da la'asar na fito shan iska a bakin ƙofa.
Gada ta cika, fuska ba ta ganuwa,
sai hannuwa, dubu kan dubu, suna tashi suna sauka.
Na bar su. Na sa ido ƙasa-ƙasa, wajen ƙugu,
ina neman guda mai farar filasta,
riƙe da jaka.